Mai Ƙarya ko Mai Yaudarar Kansa: Wa Ya Fi Iya Ɗaukar Labarin Almara?

Wata ranar Asabar bayan la'asar 'yar ƙanwata ta yi sallama gidana a Tudun Wada, rungume da littattafan rubutu guda biyu. Da muka gaisa, ta tambayi mutanen gida, sai ta ajiye su gabana ta ce, "Kawu, babin farko ne na rubuta sau biyu. Duk wanda na ɗauka sai in ji ɗayan ya tsaya mini a rai. Don Allah ka duba mini."

Labarin nata na almara ne, irin wanda masu karatu ke haɗawa layi ɗaya da littattafan yaƙi da na aljanu. Wani gari ne a gindin dutse, ta ce dutsen Kufena na Zariya take hangowa in tana rubutawa, tun zamanin da ba a kewaye shi da ganuwa ba. Rijiya ɗaya ke shayar da garin, gida ɗaya kuma ke da gadon tsaronta, domin akwai aljani a ciki da ke gaya wa mai tsaro lokacin da ruwan sama zai sauka da inda ya kamata a yi shuka. A duka rubutun biyu, aljanin ya bar rijiyar shekara bakwai ke nan. A littafin farko mai tsaron ya san haka sarai, amma duk shekara yakan sauka cikin rijiya, ya fito ya shara wa jama'a saƙon da ya ƙaga. A na biyu kuwa yana sauka, yana jin murya, yana fitowa da ƙwalla ya isar da saƙo, bai taɓa yarda cewa amsa-kuwwar muryarsa ce ke dawo masa ba.

Na kwana uku da littattafan. Abin da na gaya mata shi nake so in shimfiɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba. Duk mai rubuta labarin aljanu, tsafi, sarakunan da ba a taɓa yi ba da takubban da ke magana, wata rana zai tambayi kansa wace irin ƙarya ce za ta tuƙa masa labari: wadda mutum ke yi wa jama'a, ko wadda yake yi wa kansa.

Mu 'yan Zariya muna da tsohon sabo da wannan magana. A nan Hukumar Talifi take lokacin da Baturen da ke shugabantarta, Rupert East, ya shirya gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da littattafan farko na ƙagaggun labarai cikin boko. Wahalar da ya fara cin karo da ita ita ce shawo kan malamai su yarda aikin ya cancanci alƙalaminsu, tunda a wurinsu tatsuniya hirar dare ce ta mata da yara. Kalmar ma da muke kiran abin da ita ta isa shaida: ƙagaggen labari da ƙage tushensu ɗaya. Mai tatsuniya kuma in ta kai ƙurunƙus ba ta tashi sai ta wanke kanta, ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wato tun kafin a kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin nan a 1939, Bahaushe ya san cewa mai ba da labari yana tafiya ne a bakin ramin ƙarya, kuma ya tanadi hanyar da zai gaya wa mai sauraro cewa wannan da yardarmu duka aka yi ta. To a cikin wannan ƙaryar da aka yarda da ita ne marubuci ke son ya dasa wata wadda ba a yarda da ita ba. Nan aikin yake.

Bari in fara da mai ƙarya, don shi muka fi sani. Gizo ya raine mu duka. Ya yaudari kura, ya yaudari giwa, ya yaudari matarsa Ƙoƙi, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba game da abin da ke faruwa, domin tun farko mai tatsuniya ta ajiye mu a bayan Gizo muna leƙen abin da ya ɓoye. Wannan shi ne babban amfanin maƙaryaci a labari: yana mai da mai karatu abokin sirri. Mun san abin da sarki bai sani ba, don haka kowace gaisuwa ta fada tana da fuska biyu a kunnenmu. In mai tsaron rijiya ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce a jinkirta shuka kwana tara," sarki yana jin umarnin aljani, mu kuwa muna jin mutumin da ya duba sama bai ga hadari ba yana neman lokaci. Magana ɗaya ta yi aiki biyu, marubuciya ba ta ƙara ko harafi ba.

Amfani na biyu shi ne tafiya. Ƙarya ba ta zama wuri ɗaya. Wadda aka yi yau tana bukatar wata gobe ta tokare ta, ta goben kuma tana bukatar shaida, shaidan yana bukatar toshiyar baki. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ga marubuci wannan ƙurewar alheri ce, domin ita ke sa mai karatu ya ƙi ajiye waya. Ba sai ka wahala wajen neman abin da zai faru a babi na gaba ba, ƙaryar babin da ya wuce ta riga ta haifa maka shi. Dubi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934: neman ruwan shi ne dalilin tafiya, amma abin da ke riƙe mai karatu gari bayan gari shi ne ramuwar wayo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Wanda ya yi karatun zaure a cikin Birni har ya kai ga Maƙama, littafin labaran Larabci na Hariri, ya san wannan fasali tun daga can. Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya jera maƙama hamsin a kan Abu Zaid, wanda ke sake kama a kowane gari, ya kwashe kuɗin jama'a da daɗin baki, sai daga baya mai ba da labarin ya gane shi.

Sai dai waɗannan misalai su ne kuma ke nuna inda maƙaryaci ke da rauni. Yana da saurin koma wa maimaici. Ya yi damfara a gari na ɗaya, ya tsira, ya yi a na biyu, ya tsira, in ya kai na biyar mai karatu ya haddace takunsa. Hariri yana da lugga da zai riƙe ɗalibi da ita, Imam yana da ban dariya. Sabon marubuci da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun zai ga labarinsa ya zama kamar jerin buhunan da aka cika da hatsi iri ɗaya. Na biyu, kowa ya san ƙarshensa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma mai karatun Hausa tun shafin farko yana jiran wannan rana ɗaya. In ta zo yadda ya zata, asiri ya tonu a bainar jama'a, maƙaryaci ya durƙusa yana neman gafara, zai rufe littafi ya manta da shi kafin isha'i.

Abin da ke ceton maƙaryaci abu uku ne, kuma a rubutun 'yar ƙanwata na samu biyu. Ya zama yana da dalilin da mai karatu zai ji a jikinsa. Nata mai tsaron rijiyar ba kwaɗayin akuya da zakaran da ake kawowa ke sa shi ƙarya ba, tsoro yake in ya ce aljani ya tafi garin zai watse, gidansu kuma ya zama abin nuni. Sannan ƙaryar ta riƙa cin wani abu nasa, kuma ta ci: ɗansa na fari yana ta roƙon a saukar da shi rijiya ya fara koyon gado, uban yana ta kawo uzuri, har yaron ya ɗauka ba a sonsa. Na ukun da ban samu ba shi ne wanda ake yaudara ya zama mai wayo. Mutanen garin nata duk sun cika sakarci. Yaudarar wawa ba ta nuna gwanintar kowa, ba ta kuma sa gaban mai karatu ya faɗi. Na ce mata ta ba shi abokin karawa, ko da tsohuwa ɗaya ce mai lura.

Na kuma tuna mata cewa maƙaryacin da ake tsoro ba kullum yake ƙarya ba. Hadisin Abu Huraira da wanda ya riƙa zuwa satar abincin zakka dare uku ya ƙare ne da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa ya gaya maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Game da bokaye ma an bayyana cewa kalma ɗaya ta gaskiya suke samu su cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Mai tsaron rijiya ya shekara talatin yana kallon sama, ya san ƙamshin iskar damina, ya san lokacin da shamuwa ke dawowa. Sau da yawa zai dace. Dacewar nan ita ke ciyar da ƙaryarsa, kuma ita za ta sa mai karatu kansa ya fara tantama.

Yanzu ga ɗayan, kuma a nan zan daɗe, don shi ne aka fi kuskure a kansa.

Mai yaudarar kansa ba mahaukaci ba ne, ba kuma jahili ba ne. Jahili bai ga hujja ba. Mai taɓin hankali ba shi da ikon auna ta. Wannan kuwa ya gan ta, yana da ikon aunawa, sai ya kau da kai da sauri har shi kansa bai lura ya kau ba. In marubuci bai nuna mana wannan kau da kan ba, to bai rubuta yaudarar kai ba, ya rubuta mutumin da aka bari cikin duhu ne kawai. A rubutu na biyu na 'yar ƙanwata akwai wuri ɗaya da ta kama abin daidai. Mai tsaron ya yi tari a ƙasan rijiya, muryar ma ta yi tari. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya ce a ransa aljanin ma ya tsufa kamarsa. Na karanta wurin sau uku. Ga hujja ta zo har hannunsa, ga shi ya mai da ita abin ƙara imani, kuma cikin tausayi ya yi hakan.

Malamanmu sun riga kowa sanin wannan ciwo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware sashe guda cikin babban littafinsa Ihya'u a kan ruɗuwa, kuma waɗanda ya lissafa a ciki ba ɓarayi da mashaya ba ne, malamai ne, da masu ibada, da sufaye, da masu dukiya, wato mutanen da ke da abin da za su rasa in suka dubi kansu da kyau. A Suratu Yusuf, wadda gaskiya ce tsantsa ba almara ba, kuma ina ambatonta ne don abin da take koya mana game da zuciyar ɗan Adam, 'yan'uwan sun fara lallashin kansu ne cewa bayan sun aikata za su zama mutanen kirki, sannan suka zo da riga da jinin ƙarya. Mahaifinsu kuma ya gane tushen abin, ya ce rayukansu ne suka ƙawata musu wani al'amari. Ta cikin gida aka fara kafin a fito waje.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun iso wurin ta wata hanya. A 1954 wata ƙungiya a yankin Shikago ta Amurka ta yi imani cewa ambaliya za ta halaka duniya ranar 21 ga Disamba, kuma wasu halittu daga sama za su zo su kwashe su. Wasunsu sun bar aiki, sun rabar da abin hannunsu. Leon Festinger da abokan aikinsa suka shiga cikinsu suna lura. Ranar ta zo ta wuce, ba ruwa ba jirgi. Maimakon su watse gaba ɗaya, na tsakiyarsu suka karɓi sabon bayani, cewa imaninsu ne ya sa aka yafe wa duniya, suka kuma fara neman jama'a da ƙwazon da ba su yi a da ba. Abin da marubuci zai ɗauka a nan shi ne: gwargwadon abin da mutum ya zuba cikin wata magana, gwargwadon yadda hujja za ta ƙara ƙulle shi maimakon ta kwance. Don haka in kana son mai yaudarar kansa ya zauna daram a labari, fara da lissafa abin da ya riga ya biya. Mai tsaron rijiyar ya taɓa hana a kai matarsa wani gari neman magani saboda murya ta ce a jira, matar ta rasu. Daga wannan rana, yarda cewa ba kowa a rijiyar daidai yake da yarda cewa shi ya kashe ta. Wane mutum ne zai iya?

Irin wannan tauraro yana ba da abin da maƙaryaci ba ya iya bayarwa. Maƙaryaci muna kallonsa ne, wannan kuwa muna tsintar kanmu a cikinsa, ko mun so ko mun ƙi. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa damfarar gari, amma wa bai taɓa gaya wa kansa cewa auren da ke rushewa lafiya yake ba, ko kasuwancin da ke cin uwar kuɗi zai farfaɗo bayan salla? Shi ke sa a sake karanta littafi, domin a karo na biyu kowace jimla tana sake launi. Shi ne kuma ke ba da mugun da ya fi ban tsoro. Azzalumin sarkin da ya san shi azzalumi ne yana iya gajiya, ana iya sayensa, yana iya jin kunya. Wanda ya tabbata cewa ceton jama'a yake yi ba ya hutawa.

Amma tsadarsa ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu farawa. Ba ya tafiya da kansa. Aikinsa shi ne ya hana abu canzawa, labari kuwa canji yake ci. Sai marubuci ya riƙa turo masa abubuwa daga waje, in ba haka ba a yi babi goma mutum yana zaune yana saƙa da warwara. Sannan dole a rubuta kowane shafi hawa biyu, abin da yake gani da abin da ke nan a zahiri, kuma na biyun ya ɓullo ba tare da marubuci ya tsoma baki ya ce jama'a ku lura ba. In ya ɓoye da yawa, mai karatu zai bi tauraron ya ruɗe tare da shi, ƙarshe ya ji an yi masa zamba cikin aminci. In ya bayyana da yawa, mai karatu zai ce wannan wane irin dolo ne, ya daina damuwa da shi.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi kowane irin labari. Ga abin da ya keɓanta da almara, kuma a ganina shi ne ke yanke hukunci.

In ka rubuta labarin ɗan kasuwa a Sabon Gari, ya ce jiya ya tashi sama ya sauka a Samaru, mai karatu ba ya bukatar taimakonka, ya san ko ƙarya ce ko ruɗu. Ma'aunin yana hannunsa tun daga gida. A almara kuwa ka riga ka karɓe masa wannan ma'auni tun shafin farko. Ka ce masa a wannan duniya aljanu suna magana daga rijiya, ya ce ya yarda. To da me zai gane cewa wannan muryar ta yau ba ta aljani ba ce? Ba shi da komai sai abin da ka ba shi. Shi ya sa yaudarar kai ta fi wuya ninki biyu a labarin aljanu: abin da ke alamar ruɗu a duniyarmu, a can abin yau da kullum ne. Maƙaryaci bai damu da wannan matsala ba, domin shi da bakinsa yake gaya mana a ɓoye cewa rijiyar wayam take.

Saboda haka wanda ya zaɓi mai yaudarar kansa dole ya fara kafa dokokin duniyarsa da ƙarfi, ya kuma tsaya a kansu. Me aljanin ke iya sani, me ba ya iya sani? Mai karatu Musulmi yana shigowa da doka ɗaya a shirye: aljanu ba su san gaibu ba, kamar yadda ya zo a Suratu Saba'i, inda suka ci gaba da aikin wahala ba su san Annabi Sulaiman ya rasu ba sai da gara ta ci sandarsa. Marubuciyar da ta girmama wannan ta huta da ƙorafin masu cewa tana koya wa yara shirka, ta kuma samu makami. Ana iya nunawa tun farko cewa aljanin na da yana faɗin abin da ya gano ne a garuruwa masu nisa, abin da mai tsaro ba shi da hanyar sani, kamar saukar fari a gabas ko tahowar ayari. Muryar yanzu kuwa ba ta taɓa faɗin abin da mai tsaron bai riga ya sani ba. Mai karatu mai lura zai kama wannan da kansa, kuma daɗin kamawar shi ne ladan karatunsa.

Akwai kuma wani gwaji da nake so duk mai wannan shawara ya yi. Labaran almara suna son kayan tona asiri: madubin da ke nuna zuciya, ƙwaryar da ruwanta ke baƙi in an rantse a kan ƙarya. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kakanni sun san shan gwaska da rantsuwa da aradu. Ɗauki irin wannan abu ka sa taurarin biyu gabansa. Maƙaryaci zai yi gumi, zai nemi dabara, ko ya musanya ƙwaryar, ko ya tsara kalmomin rantsuwa yadda kowace ɗaya gaskiya ce amma jimlarsu ƙarya. Ka samu babi mai zafi. Mai yaudarar kansa kuwa zai taho da natsuwa, ya rantse cewa da kunnensa ya ji muryar, ruwa ya tsaya fari tas, domin bai yi ƙarya ba. Jama'a su yi guɗa, su koma su yi shuka a busasshiyar ƙasa. Kayan tona asirin da kansa ya zama shaidan zur. Ban san wani nau'in labari da zai iya nuna wannan fili haka ba in ba almara ba, kuma in akwai dalili ɗaya da zai sa mutum ya jure wahalar tauraro na biyu, wannan ne. Ka duba wanne daga cikin babin biyu ya fi sa hannunka ƙaiƙayin rubutu.

Sauran abin dubawa na hanya ne, ba sai na ja su ba. In kashi-kashi za ka riƙa sakin labarin a WhatsApp ko Wattpad, ko za a karanta shi a rediyo ko YouTube inda mai sauraro ba ya iya komawa shafin baya ya duba, maƙaryaci ya fi dacewa, don kowane kashi yana ƙarewa da an kusa kama shi. Ƙananan alamun da mai yaudarar kansa ke rayuwa a kansu suna ɓacewa tsakanin Litinin da Alhamis. Shi yana son littafi guda, gajere, da za a zauna a cinye. Ƙarshensu ma ba ɗaya ba ne. Na maƙaryaci daga waje yake zuwa, wani ne zai kama shi. Na ɗayan dole daga ciki, kuma yana iya ƙin zuwa sam, a bar mai karatu shi kaɗai da sanin gaskiya. Abin da ban yarda a yi wa ko ɗaya ba shi ne a farka a ce ashe mafarki ne. Wannan cin amanar wanda ya ba ka darensa ne.

Da ta dawo ranar Talata, na ce mata ta ɗauki littafin farko. Fuskarta ta ɗan canza, na gane na biyun ta fi so. Ta ce, "Kawu, amma kai ma ka ce wurin tarin nan ya fi komai kyau." Na ce haka ne, kuma ta adana shi, ranarsa na nan zuwa. Amma wannan littafinta na farko ne, kashi-kashi za ta sake shi, kuma da na tambaye ta me aljanin nata ke iyawa da abin da ba ya iyawa, amsa uku ta ba ni masu karo da juna. Ba a ɗora mai yaudarar kansa a kan duniyar da ba ta gama daskarewa ba.

Sai dai ban ce ta zubar da yaudarar kai ba, na ce ta sauya mata mazauni. Ta bar ƙarya a bakin mai tsaro, ta raba ruɗun ga mutanen gari. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Shekara bakwai ba a yaudarar gari guda sai da hannun garin a ciki. Sarki yana bukatar muryar don da ita yake raba gonaki ba a yi masa musu. Masu sayar da zakarun sadaka suna bukatarta. Uwar da ɗanta ya mutu shekarar fari tana bukatarta, don ta ce ƙaddarar da aka sanar ce, ba sakacin kowa ba. Ta haka mai karatu yana da tabbacin abin da ke cikin rijiya daga bakin mai tsaro, idonsa kuma ya samu sarari ya kalli yadda kowa ke kau da kai ta irin tasa hanya. Wannan ya kuma magance sakarcin mutanen garin da na yi kuka da shi, domin yanzu ba rashin wayo ke damunsu ba.

Ta yi shiru tana juya biro, can ta ce, "To ai akwai igiya." Na ce wace igiya? Ta ce ruwan rijiyar yana ja da baya tun da aljanin ya tafi, don haka duk shekara sai an ƙara wa igiyar guga tsawo. Akwai tsohuwar da ke tufka igiyar rama a garin, ita ake kai wa. Shekarar farko ta ƙara kamu biyu, ta biyu kamu uku, yanzu igiyar ta kai yaro ɗaya ba ya iya ɗaukarta. Tsohuwar ta san lissafin sarai, da hannunta take aunawa, amma duk wanda ya tambaya sai ta ce ramar bana ce ke tsukewa in ta sha ruwa. Jikarta ce ke riƙe mata bakin igiyar in tana tufka, kuma yarinyar ta fara ƙirga.

Na miƙa mata littafin farko na ce ta buɗe sabon shafi tun tana zaune, kafin a kira magariba.